Kuskure Ya Fi Harbi a Wutsiya

A ɗakin mahaifina a Zariya akwai wata bindigar toka rataye a bango, ta kakana ce. Ban taɓa jin ƙararta ba. Na taso na tarar da kunamarta ta ci tsatsa, ƙotarta kuma ta yi baƙi wuluk saboda gumin hannun mai ita. Duk da haka ita ta cusa mini son zancen farauta, har na girma ina bin abin da maharban wasu ƙasashe suke rubutawa. A cikin gardandaminsu babu wadda ta daɗe kamar ta masu bin ragon dutse da akuyar dutse: wace bindiga za a ɗauka, mai wane faɗin baki, da wane irin harsashi? An yi kusan shekara ɗari ana wannan musu. Saboda haka da wani abokin karatuna ɗan Kagoro, wanda yake aiki a Kafanchan, ya gayyace ni bikin Afan, ya kuma ce kawunsa tsohon maharbi ne da ya san kowane lungu na dutsensu, sai na ɗaura niyyar kai wa tsohon wannan tambaya.

Na tashi daga Kaduna a ƙarshen Disamba, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Muka bi ta Kujama da Kajuru har Kaciya, inda ƙamshin citta yake tarbar matafiyi tun kafin ya ga buhunanta jibge a bakin hanya. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Itatuwa suka ƙara tsayi da duhu, duwatsu suka fara leƙowa ta bayan gonaki. Shingayen jami'an tsaro da muka riƙa wucewa suna tuna wa mutum cewa a wannan yanki, bayan shekarun da aka sha na zubar da jini, zancen bindiga ba abin yi da ƙarfi ba ne a cikin motar haya. Na ja bakina na yi shiru har Zonkwa. Bayan Madakiya abokina ya tare ni, muka ratse muka ga ruwan Matsirga yana zubowa daga kan dutse, ko da yake rani ya rage masa ƙarfi, sannan muka shiga Kafanchan da la'asar.

Kafanchan garin jirgin ƙasa ne. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos, kuma shi ya tara Fantsuwam 'yan ƙasa da Hausawa da Filanin Jama'a da Ibo da Yarabawa a wuri guda. Yau tashar ta yi tsit, amma Hausar da ta zama harshen kasuwa a zamanin tana nan, kuma da ita na yi duk hirar da zan ba da labari.

Kafin in kai ga tsohon, ya kamata in faɗi abin da na riga na sani. Babu ragon dutse a Nijeriya. Wanda Bahaushe ya raɗa wa wannan suna yana can arewa, a duwatsun Azbin da na Tarmit a Jamhuriyar Nijar: jar dabba mai ƙahoni murɗaɗɗu, da geza da ke zubowa daga maƙogwaro har ƙafafun gaba, babban namijinsa yakan haura kilo 100. Gandun Ayar (wato Azbin) da Tenere da aka kafa a 1988 na cikin wuraren da suka rage masa, kuma ko a can harbi ya rage shi ƙwarai. Abin mamaki, waɗanda aka kwasa aka kai Teksas a Amurka sun yaɗu har ana kuka da su. Mu abin da Allah ya ba duwatsunmu shi ne gadar dutse. Ba tunkiya ba ce, ba akuya ba ce, danginta na wajen su gada da barewa, amma zamanta zaman akuyar dutse ne sak. Nauyinta ba ya wuce kilo 18, tsayinta a kafaɗa kimanin rabin mita, tana taka dutse da tsinin kofato kamar mai ɗage. Irin da ke Nijeriya, wanda aka fi sani a tsaunukan Filato da kewayensu, masana sun sa shi a jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Dutsen Kagoro kuwa, mai tsayin sama da mita 1,200, gefen yamma ne na waɗannan tsaunuka.

Ranar 1 ga Janairu muka wayi gari a Kagoro. A harshen mutanen garin, Afan na nufin dutse, kuma asalin bikin shi ne rufe kaka da buɗe lokacin farauta. Na ga maharba sun shigo fili da baka da kwari da fatu a kafaɗa, ana busa ƙaho, mata na guɗa. Da aka saki bindigogin toka sai hayaƙi ya tashi fari fat, warin albarushi ya cika hanci. A nan na fara jin irin muryar da bindigar kakana take da ita. Ban tsaya kallo da yawa ba, hankalina na wajen tsohon.

Mun same shi da yamma a ƙofar gida, gajeren mutum mai furfura, idonsa ɗaya ya fara yin hazo. Matarsa ta kawo mana faten acca. Bayan an gaisa, abokina ya ce, "Kawu, ga baƙon da na gaya maka, tun daga Zariya ya zo da tambaya."

Na ce, "Baba, so nake in san harsashin da ya dace da naman dutse."

Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, wannan ba maganar zaune ba ce. Gobe da asuba ka zo da takalmin kirki."

Hawan ya ɗauke mu fiye da awa biyu. Tsohon yana gaba da sanda, bindigarsa mai baki ɗaya a rataye, mu muna baya muna haki. Hanyar ta bi ta tsakanin manyan duwatsu masu santsi, ta ratsa wani kurmi mai sanyi inda ruwa ke tsattsafowa ko da rani. Rema suna shan hantsi a kan fā, da sun hango mu sai su zube cikin rami. Can nesa gwaggon biri ya yi haushi. Da muka kai wani wuri da ake hango Kafanchan cikin hazo, sai ya zauna, ya nuna wani dutse a ƙetaren kwazazzabo, ya ce in faɗi nisansa. Na ce taki ɗari. Ya ce ya fi ɗari biyu, ya taɓa zagayawa ya auna. Ya ce ido yana ƙarya a kan dutse, domin babu ƙasa a tsakani da za ta nuna maka tsawon tafiya.

Wannan nisa shi ne tushen gardamar Turawa, sai na kwashe labarin na ba shi. Ragon dutse yana zama a fili, idonsa kaifi gare shi, da wuya a kusance shi, don haka akan harbe shi daga mita 200 ko 300. Bindigar da ke wannan aiki ita ce mai ƙwaya ɗaya, wadda aka yi wa zane murɗaɗɗe a cikin bututu don harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sak. A 1925 kamfanin Winchester ya fitar da wadda ake kira .270, faɗin harsashinta milimita 7, nauyinsa giram 8 da ɗoriya, yana barin baki da gudun kusan mita 930 a daƙiƙa guda. Idan an saita ta a yadi 200, abin da harsashin zai sunkuya a yadi 300 bai kai taƙi ɗaya ba. Wani marubuci Ba'amurke, Jack O'Connor, wanda ya rasu a 1978, ya shafe fiye da shekara 30 yana yabonta a mujallar Outdoor Life. Hujjarsa ita ce rago ba shi da kaurin fata, ba ya bukatar ƙaton harsashi, abin da yake bukata shi ne a same shi a inda ya dace. Kuma bindigar da ba ta dukan kafaɗa da ƙarfi ba ta koya wa mai ita runtse ido lokacin jan kunama. Abokin hamayyarsa Elmer Keith ya tsaya a kan harsashi mai faɗi da nauyi. Magoya bayansu na nan har yau, sai dai sabbin sunaye sun shigo, irin su 6.5 Creedmoor da ta fito a 2007. Na ƙara masa da cewa iskar kan dutse tana kaɗa harsashi gefe, kuma wanda ya harba sama ko ƙasa a gangare, harsashinsa yakan sauka sama da inda ya nufa.

Tsohon ya saurara har na gama. Abu na ƙarshen nan ya sa shi gyaɗa kai, ya ce haka yake ko da kibiya. Sannan ya ce, "Wannan Baturen na farko maharbi ne. Na biyun ma ƙila maharbi ne, amma naman da yake tunani ba na dutse ba ne."

Irin waɗannan bindigogi ba a hannun maharbanmu suke ba, kuma doka ce ta tsara haka. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu ta ambaci bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303. Wannan faɗi na 7.62 shi ne na .308 da .30-06, waɗanda maharban duniya suke yawan hawa dutse da su. Akwai na kashin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu da bindigar farauta mai ƙwaya ɗaya wadda faɗinta bai faɗa cikin na soja ba, su kuma lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin ta kakana, waɗanda al'amarinsu ke wajen kwamishinan 'yan sanda na jiha. Turawa suna kiran bindigar toka da sunan mutanen Danmak, domin fatakensu na cikin waɗanda suka riƙa sayar da ita a gaɓar tekun Gana, kafin maƙeranmu su karɓi sana'ar.

Ya sauke tasa ya karya ta, ya nuna mini cikin bututun, sumul babu zane. Lamba 12 ce. Ma'anar lambar ita ce idan aka mulmula dalma daidai faɗin bakin, guda 12 ne za su yi laba ɗaya. Faɗin ya kai milimita 18 da rabi. Ya zaro harsashi biyu daga aljihu, ɗaya an rubuta BB, ɗaya AAA. Na farkon ƙwayoyinsa ƙanana ne masu yawa, na zabo da zomo da gyazbi. Na biyun sun fi girma, sun fi ƙaranci, na gada da mazo. Amma ko wanne ka ɗura, in ji shi, da zarar an wuce taki arba'in ƙwayoyin sun watse, ƙarfinsu ya mutu, sai dai su shiga fata su tsaya. Ya sake nuna dutsen nan na ƙetare. "Kai Baturenka yana zaune a nan zai harba. Ni sai na sauka kwazazzabon nan, na bi ta inda iska ba za ta kai warina ba, na ja ciki rabin yini. In ta gan ni, ta ci. In ban kai taki talatin ba, ba na ɗaga bindiga."

A nan ne na kawo masa karin maganar da kowane Bahaushe ya sani, na ce ai an ce harbi a wutsiya ya fi kuskure.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wanda ya fara faɗin wannan bai taɓa bin jini ba."

Ya yi shiru, sannan ya ba mu labari. Yana saurayi, sabon aure, ya hango gadar dutse biyu a kan wancan dutsen. Su ba sa rabuwa, namiji ɗaya da mace ɗaya suke zama, ɗaya na kiwo ɗaya na gadi, in sun ga abin tsoro namijin ya yi fito macen ta amsa. Ya zagaya ya matso, amma rana ta yi, ƙishirwa ta dame shi, ya ƙosa. Daga wajen taki sittin ya saki BB. Ya ga gashi ya tashi kamar an busa ƙaiƙayi, domin gashin gadar dutse holoƙo ne, da an taɓa shi yake zubewa. Macen ta faɗi, ta tashi, ta ja ƙafar baya ta shige tsakanin duwatsu. Ya bi ɗigon jini har duhu, ya kwana a kan dutse, ya ci gaba washegari. Duk tsawon wannan lokaci namijin yana bin sa daga sama, yana tsayawa a kan fā yana fito. A rana ta uku ungulu suka nuna masa inda take, cikin wani tsagi da hannu ba ya kaiwa. Ko tsoka ɗaya bai kai gida ba.

"Da na kuskure ta," in ji shi, "da ta haihu a shekarar."

Ban sami abin cewa ba. Abin da na karanta a littattafai game da ƙirar harsashi sai a lokacin ya zauna mini daidai. Harsashin soja an lulluɓe shi da rigar ƙarfe har tsini, yana huda jiki ya fice ba tare da ya buɗe ba, tun bayan yarjejeniyar Heg ta 1899 da ta hana amfani da mai buɗewa a yaƙi. A farauta kuwa abin juyawa ya yi: ƙasashe da yawa sun wajabta mai buɗewa, wanda kansa ke bajewa kamar laima in ya shiga, ya lalata huhu da zuciya, dabba ta mutu nan take. Wahalar maƙera ita ce samun tsaka-tsaki, kada ya fashe a kan kafaɗa, kada kuma ya wuce salin-alin. Wani Ba'amurke, John Nosler, bayan harsashinsa ya kasa ratsa wata ƙatuwar dabba a Kanada, ya ƙera wanda aka raba cikinsa gida biyu a 1948, gaba ya baje, baya ya ci gaba da kutsawa. Duk wannan ƙoƙari, da lissafin gudu da nauyi da madubin hange, manufarsa ɗaya ce da jan cikin tsohon nan: kada a bar dabba da rauni. A ganina wanda ya riƙe wannan, ko bindigar toka gare shi ya fi mai .270 da ke harbi daga inda bai tabbata ba. Shi ya sa bindigogin yaƙi da suka bazu a dazukanmu suka zama masifa biyu. Bayan rayukan mutane da suke ci, duk dabbar da aka yi wa ruwan irin wannan harsashi, da yawa sukan tsere da rami a ciki su mutu a ɓoye.

Na tambaye shi abin da masu bindigar toka suke ɗurawa yanzu. Ya ce duk abin da hannu ya kai gare shi: ƙwayar boris, guntun rodi, dalmar tsohon batir da aka narka. Ya ce guntun ƙarfe ba ya tafiya sak, yana kuma cin bututu, ya san mutum biyu da bindiga ta fashe musu a hannu. Ni kuwa dalmar ce ta tsaya mini a rai. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Ta harsashi ba ta kai wannan yawa ba ko kusa, amma guba ɗaya ce, kuma takan farfashe ta bazu cikin nama fiye da inda ido ke gani. Ungulun da ta ci gawar da aka harba ma tana kwasa. Saboda haka ne jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, maharba da yawa kuma suka koma na jan ƙarfe zalla. Tsohon bai san da Kalifoniya ba, amma ya ce tun mahaifinsa, a zamanin kibiya mai dafin kwankwani, akan yanke naman da ke kewaye da rauni a binne, kuma shi bai daina ba ko da ya koma bindiga. Na roƙe shi ya riƙa faɗaɗa yankan, kuma kada a ba yara da masu ciki abin da ke kusa da wurin.

Muka ci gaba da hawa har wani fā mai faɗi. Ya tsuguna ya nuna mini wani lungu inda ya ce nan suke tara kashinsu, wuri ɗaya kullum, shekara da shekaru. Babu komai sai ƙura da busasshen ganye. Ya lissafa abin da ya gani da idonsa: gonaki sun hau gangare, ana sare itace ana gawayi, ana cinna wa dutse wuta kowane rani don a kori gafiya, samari suna hawa da karnuka da fitilar goshi da dare, su harbi duk idon da ya haska ba tare da sun san na mene ne ba. A da, in ji shi, dattawa ne ke buɗe farauta su rufe ta, kuma wanda ya harbi mai ciki sai ya yi bayani a gabansu. Abokina ya tambaye shi yaushe rabonsa da ganin gadar dutse. Ya ƙirga da haihuwar jikokinsa, ya ce babbar da aka haifa a shekarar yanzu tana makarantar sakandare.

Na ce, "To Baba, in da za ta fito yanzu, a taki talatin, wanne za ka ɗura?"

Ya ce, "AAA ne nata." Ya juya harsasan biyu a tafin hannu, ya mayar da su aljihu. "Amma tun muna ƙasa ka ga na sa wani abu a bindigar nan?"

Sai a lokacin na tuna cewa da ya karya ta ɗazu, hasken rana na gani ta cikin bututun.

Rana ta take tsaka, hazo ya ɗan yaye, rufin kwanon Kagoro na ƙyalli a ƙasa. Kafin mu juya, tsohon ya hau kan fā ɗin, ya dafa sandarsa, ya fuskanci dutsen ƙetare. Ya matse hanci da yatsu biyu ya yi wani fito siriri mai kaifi, irin na namijin. Muka tsaya muna saurare. Iska kawai ke kaɗa busasshiyar ciyawa. Ya jira kamar minti guda, sannan ya sake yin wani, gajere, ya amsa wa kansa da muryar macen. Ya sauko ya ce mu bi ta hagu, hanyar dama tana da santsi.